Ragar Koci Nomau

To, ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Yau ba labarin dariya na zo muku da shi ba, shari'a ce, kuma ku ne alƙalai. Ni kam duk lokacin da na tuna da ita sai raina ya ɓaci, don haka in kun ji muryata ta ɗaga, ba da ku nake ba.

A garin Kwarin Gamji akwai filin ƙwallon kwando guda ɗaya, na wata ƙungiya da ake kira Shaho. Wanda ya kafa ƙungiyar malamin makaranta ne, ana ce masa Koci Nomau, mutum mai kafiya wanda ko hakimi bai isa ya sa shi sauya magana ba. Filin nan yana da wata al'ada da ba za ku same ta a wani wuri ba. Duk shekara in damina ta ɗauke za a buɗe kakar wasa, Koci Nomau da hannunsa yake saƙa raga da zaren masunta, ya hau tsani, ya ɗaura ta a kwandon gabas. Kafin ya ɗaura, babu mahalukin da ya isa ya jefa ƙwallo a filin nan, ko da wasa. In ya sauko ya busa usur, to an buɗe ke nan. Tun yana saurayi yake yin haka har furfura ta rufe masa kai, har ta kai sai mutum biyu sun riƙe masa tsani, na uku yana tsaye a ƙasa yana ta salati.

Wata shekara, damina na tsakiya, ciwo ya kwantar da shi. Yana kwance ya saƙa ragar shekarar, hannunsa na rawa. Da ya gama sai ya sa aka kira masa 'yarsa Tabawa, malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata, wadda ta tashi a bakin filin nan tun tana rarrafe, yanzu kuma ga ta da jikoki. Ya danƙa mata ragar da usur ɗinsa.

"Tabawa, wannan ita ce ta ƙarshe," ya ce. "Ki ba wanda ya fi kowa a cikin 'yan wasan da na horar. Shi zai ɗaura, shi ne uban fili a bayana."

"Baba, wane ne a cikinsu?"

"Ke kika gan su duka da idonki. Mutum ɗaya, Tabawa. Kada ki raba don ki faranta wa mutane rai. Ni ban taɓa busa usur don a so ni ba."

Ta yi masa alkawari, don ba a musu da mai jinya. Bai ƙara cewa uffan a kan maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Tabawa ta yi kukan mahaifinta, ta kuma yi fushi da shi a ranta, don ya tafi ya bar mata garwashi a tafin hannu. Kowa a garin ya san maganar ba za ta wuce mutum uku ba, kuma ukun nan ba su taɓa tsayawa a fili ɗaya a zamani ɗaya ba.

Na farko shi ne Jatau. A zamaninsa filin ƙasa ne tsagwaronta, a bayan rumfar awon gyaɗa. Kwandon kuwa garen keke ne aka cire masa wayoyi, aka kafa shi da ƙusa a jikin allon katako, aka ɗora a kan azara. Jatau ɗan dako ne, dogo, mai faffaɗan kafaɗa, yana sauke buhu ya zo fili ƙafa ba takalmi. Ana nan sai wani jami'in wasanni ya zo da labarin cewa akwai simintin fili ɗaya tak, kuma ko dai a zuba shi a Kwarin Gamji ko a barikin sojoji da ke gaba. Ya ce a kara, wanda ya yi nasara shi ke da siminti. Sojoji suka zo cikin mota da fararen kambas da riguna iri ɗaya. Abokan wasan Jatau su huɗu kuwa, in sun buga ƙwallo a ƙasa sai sun bi shi da gudu kafin su kamo shi. Tabawa tana yarinya a lokacin, tana kan wuyan wani kawunta, kuma har yau ba ta manta ba. Jatau ne ke tare, shi ke cafewa, shi ke ɗaukowa, shi ke jefawa. Mutum uku suka taru a kansa. Ana cikin wasa yatsansa ya goce, ya juya baya ya ja shi da haƙori, ya naɗe da tsumma ya dawo. Suka ci sojoji da tazarar kwando ɗaya, aka zuba siminti a Kwarin Gamji. Babu wanda ya ɗauki hoto. Makin ma da tsakuwa ake ƙirga shi a ƙwarya, ana tashi aka zubar. Kuma a duk zamanin ƙarfinsa babu wata gasar kofi da garin ke shiga, don haka Jatau ya tsufa bai taɓa ɗaga kofi ba. Amma da ba don shi ba, da babu fili.

Na biyu shi ne Mantau, sa'an Tabawa, wanda iyayensa suka ƙauro garin bayan Jatau ya daina wasa. Gajere ne, in ya shiga cikin dogaye sai ka neme shi ka rasa. A zamaninsa ne masu motoci suka sa wa filin ido, suna son a mai da shi tasha. Wani babba a hukumar garin ya fito fili ya ce filin da bai taɓa kawo wa gari komai ba, ba shi da amfani, in Shaho ba su ɗauko kofin jiha a shekarar ba, to a bakin filinsu. Mantau ne kyaftin. Shi ba ya jifa, sai a gama wasa bai ci kwando biyu ba. Amma yana da idon da ba a saya a kasuwa. Kafin abokin hamayya ya yanke shawarar inda zai miƙa ƙwallo, Mantau ya riga ya tsaya a wurin. Kafin abokin wasansa ya san shi a sake yake, ƙwallo ya riga ya faɗo masa a hannu. Yara masu matsakaicin wasa, in suna tare da shi sai ka rantse zakuna ne. A wasan ƙarshe, lokaci na gab da cika ana kunnen doki, ya wafce ƙwallo, hanya ta buɗe masa tar har kwando. Bai jefa ba. Ya miƙa wa wani yaro da ya wuni yana ɓarar da ƙwallo, don ya ga yaron ya fi shi kusa, yaron ya zura. Suka ɗauko kofi, suka sake ɗaukowa, suka kuma ɗaukowa a karo na uku, masu motoci suka nemi wani wurin. Jarida ta buga hoton yaron da ya zura, ba ta ko ambaci sunan Mantau ba. Kuma gaskiya ce, a ƙungiyarsa akwai dogaye biyu masu kyau da ba kowane kyaftin ke samun irinsu ba. Amma da ba don shi ba, da yau direbobi ne ke kiran fasinja a wurin.

Na uku shi ne Cindo. Ya zo ne a lokacin da gidajen kallon ƙwallon ƙafa suka kwashe samarin garin kaf. Ciyawa ta tsiro a tsagogin siminti, mata suna shanya barkono a tsakiyar fili, awaki na kwana a gindin kwando. Koci Nomau ya tsufa, yana ɗaura raga ya busa usur ya waiwaya ya ga yara huɗu, ko cikon ƙungiya ɗaya babu. Sai ga Cindo, siririn yaro marar magana, ya zama na biyar. Shi kaɗai yake share barkonon mutane gefe ya yi ta jifa har hannunsa ya sage. Da ya girma, sai ya zama in ya tsaya can nesa, bayan layin maki uku, ya saki ƙwallo, ba ka jin ƙarar ƙarfe, sai dai ka ga raga ta motsa. Masu ba'a suka ce yatsa na shida da aka yanke masa yana jariri ne ke taya shi. Mutane suka fara dawowa kallo, aka fara ɗaukarsa a waya ana turawa gari gari. Sau biyu ya ɗauki ƙungiyar da ba ta da kowa sai shi ya kai ta wasan ƙarshe, sau biyu ana doke su. A shekara ta uku, lokacin da yaran suka fara nuna, kowa na cewa bana kofi namu ne, sai wata ƙungiya daga ƙasar waje ta neme shi, ya tafi. Ya yi suna can, sunan Kwarin Gamji ya shiga bakin mutanen da ba su san inda garin yake ba. Yara suka cika fili har da 'yan mata, kowa na son ya zama Cindo. Shi ya yi wa filin rufin kwano, ya kawo alluna na gilashi. Bai taɓa ɗauko wa Shaho kofi ko ɗaya ba. Amma da ba don shi ba, da akwai fili, babu masu wasa.

To, kun ji su. Yanzu ku ji abin da mutanen garin suka yi da su, don nan ne abin haushin yake.

Tun ba a share makoki ba gardama ta ɓarke. A teburin mai shayi, a majalisar dattawa, a bakin masallaci, har a gidan suna. Da a ce kowa yabon gwaninsa yake yi, da da sauƙi. A'a, kowa sai ya tattake sauran biyun kafin ya ji daɗi. Samari masu goyon Cindo suna ɗaga waya suna cewa, "Ga namu nan a bidiyo, ku nuna mana na Jatau! Da manoma ya yi wasa. A kawo shi yau, ko ƙwallo ba zai taɓa ba." Magoya bayan Mantau, masu matsakaitan shekaru, ba su da magana sai ɗaya: "Kofi nawa Cindo ya ci? Mu kofi muka sani." Sai samarin su ce ai dogayen nan biyu ne suka goya Mantau, mutumin da ba ya iya zura ƙwallo ina shi ina girma. Tsofaffi kuma su buga sanda a ƙasa su ce duk wanda ya yi wasa da takalmi a kan siminti bai san wasa ba, Cindo kuwa gudajje ne, ya bar gida a ranar da ake bukatarsa.

Tabawa tana ji, zuciyarta na tafasa. Yaron da ko azarar farko bai gani ba, shi ne zai buɗe baki ya ce Jatau da manoma ya yi wasa! Mutumin da bai taɓa gudu daga wannan kwando zuwa wancan ba, tumbinsa ya riga shi shiga shago, shi ne ke cewa Mantau goyo aka yi masa! Wata rana wani saurayi ya tare ta a hanya, da gaskensa, ya ce, "Anti, mai zai hana a sa su su kara kawai, ɗaya da ɗaya? Wanda ya ci shi ke nan." Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya za ka sa ya kara? Kai wa ya haife ka?" Ya sosa ƙeya ya wuce.

Damina ta ɗauke, lokacin buɗe fili ya yi ya wuce, kwandon gabas yana nan tsirara. Ƙofar fili a rufe, don ko masu gardamar babu wanda ya yarda a karya al'adar Koci. Shugabannin gasar jiha suka aiko cewa ranar Asabar za su zo duba fili, in sun tarar ba a buɗe ba, za su ba wani gari gurbin Shaho. Kowane ɓangare kuma ya rantse in ba gwaninsa aka ba ba, zai kwashe yaransa ya kafa tasa ƙungiyar. Wata la'asar Tabawa na dawowa daga makaranta ta ga 'yan wasan Shaho, maza da mata, a bakin titi. Sun fasa gindin wani tsohon bokiti sun ɗaure shi a jikin turken lantarki suna jefawa, mashin na ratsa su, ga fili mai rufin kwano a rufe a bayansu. Ta tsaya tana kallonsu. Aikin da mahaifinta ya yi duk tsawon rayuwarsa ya koma bokiti a bakin titi, kuma ragar tana cikin jakarta.

Ba wai ba ta yi ƙoƙari ba. Ta auna su da kofi, Mantau ya fito, sai ta tuna a zamanin Jatau babu kofin da za a ci, ta yaya za ka kayar da mutum a jarrabawar da ba a yi masa ba? Ta auna su da maki, Cindo ya yi musu fintinkau, sai ta tuna makin Jatau an zubar da shi tare da tsakuwa, a lokacinsa ma ba a zana layin maki uku ba, kuma a zamanin Mantau babu mai ƙirga wa mutum ƙwallon da ya miƙa wani ya ci. Ta auna su da wahalar da aka sha, Jatau ya tsaya shi kaɗai, sai ta tambayi kanta, laifin Cindo ne da aka haife shi bayan an zuba siminti? Duk mudun da ta ɗauko, sai ta tarar an ƙera shi ne daidai da mutum ɗaya. Wata ƙawarta ta ce ta ɗaura da kanta mana a huta. Tabawa ta yi dariyar takaici, don ta san kanta, ba ta taɓa zura ƙwallo sau biyu a jere ba, kuma ba haka ta yi wa mamaci alkawari ba.

Sai ta ce bari ta je wurinsu ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa biyu su janye.

Ta sami Jatau a zaurensa yana tufka igiya, idonsa ya yi rauni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ce, "'Yar Koci, bara na je kallon wasa a filin nan. Yaron da ke bakin ƙofa ya ce mini, 'Baba, nan ba wurin zaman tsofaffi ba ne, sai mai kati.' Na juyo na dawo gida." Ya ɗaga mata hannunsa na dama, yatsan nan yana nan a karkace. "Ba ni da hoto, ba ni da kofi. Wannan kaɗai nake da shi. In na janye, ranar da na mutu shi ke nan, an binne ni da labarin gaba ɗaya, sai a ce da can ma ƙarya ce. Ki yi mini haƙuri, ba zan janye ba." Tabawa ta fito tana share hawaye, tana jin da za ta ga yaron ƙofar nan da sai ta ja masa kunne.

Ta sami Mantau a shagonsa na gyaran keken ɗinki, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera, don gwiwoyinsa sun daɗe da lalacewa. Bai bari ta gama magana ba ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur. Kofunan nan uku ne, sun yi tsatsa, ɗaya hannunsa ya karye. "Kin san inda na samo su? A ɗakin shara na wani ofis. Wannan ƙusoshi ake zubawa a ciki." Ya mai da su buhu. "Tabawa, ke shaida ce. Duk rayuwata miƙawa nake yi, wani ya zura, a ɗauke shi a kafaɗa, ni in tattara riguna. Ban taɓa jin haushi ba, aikina ke nan. Amma yau an ce wanda ya miƙa ba ɗan wasa ba ne. In na miƙa wannan ma, na gaya wa duk yaron da ke filin nan cewa kada ya kuskura ya ba ɗan'uwansa ƙwallo. Wannan karon kam ba zan miƙa ba."

Cindo ya zo gida ta'aziyya bai koma ba. Ta same shi a tsakar gidan mahaifiyarsa. Ya miƙe ya ba ta kujera, shi ya zauna a tabarma. "Yaya Tabawa, ranar da na zo gaisuwar Koci, ina fitowa daga zaure wani ya ɗaga murya ya ce, 'Gudajje ya dawo.' A gidan makoki." Ya ɗago ya dube ta. "Wasan ƙarshe na biyu da zazzaɓi na buga shi, ke kika jiƙa mini tsumma. Na waiwaya neman wanda zan miƙa wa, kowa ya ɓuya a bayan abokin hamayya. Da na tafi, Koci ne ya raka ni tasha, ya ce in je duniya ta san akwai mu. Ina girmama Baba Jatau, ina girmama Yaya Mantau, Allah ya sani. Amma in na janye, na yarda ke nan gudu na yi. Ban gudu ba."

Ta dawo gida, ragar tana nan a jakarta. Da ma a ce ɗayansu ya yi mata girman kai ko ya faɗi maganar banza, da ta sami inda za ta kama. Babu wanda ya yi. Kowannensu gari ya ci amfaninsa ya kuma wulaƙanta shi, kuma kowannensu ragar nan ce kaɗai ta rage da za ta wanke shi. Duk wanda ta ba, ta tabbatar wa sauran biyun zagin da ake yi musu, da hannunta, da sunan mahaifinta.

Asabar ta zo. Tun da hantsi gari ya tattaru a fili, kowane ɓangare ya ja gefe guda yana harare-harare. Shugabannin gasa suka iso suka zauna a benci suna duba agogo. Aka jingina tsohon tsanin Koci a gindin kwandon gabas, tsanin da ba ya ɗaukar mutum biyu. Wani dattijo mai son sulhu ya ce to a bar su ukun su kama ragar tare mana. Tabawa ta juyo ta ce, "Baba, mutum ɗaya ya ce. Da bakinsa, yana kan gadon mutuwa." Dattijon ya koma ya zauna.

Hayaniya ta fara tashi, wani na ihun kofi, wani na ɗaga waya, wani tsoho na buga sanda. Tabawa ta sa usur ɗin mahaifinta a baki ta busa da duk ƙarfinta. Wurin ya yi tsit.

"Ba ku ji kunya ba?" ta ce. "Simintin da kuke tsaye a kai, wani ya ba da yatsansa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa, wani ya ba da gwiwoyinsa. Rufin da ya tare muku rana, da yaran da kuka haifa suke zuwa nan maimakon yawon banza, wani ne sanadi. Ku me kuka ba da, ban da baki? Duk wanda ya sake zagin ɗayansu a gabana, wallahi sai ya bar filin nan."

Mutane suka sunkuyar da kai. Amma tsawa ba ta ɗaura raga, kuma ita ma ta sani.

Mutum ukun suka fito tsakiyar fili. Jatau yana dogara sanda, ya sa tsohuwar rigarsa ta Juma'a, ya ce in dai an riƙe masa tsani zai hau. Mantau yana ɗingishi, buhun kofunansa a hannu. Cindo ya tsaya a ɗan bayansu saboda girmamawa, amma bai sunkuyar da kai ba. A bayan wayar da ta kewaye filin kuwa yaran Shaho ne suka yi layi, maza da mata, sun sa rigunan wasa tun asuba, wata yarinya ta rungume ƙwallo a ƙirji tana kallon kwandon da babu raga. Babban shugaban gasa ya miƙe ya ce, "Malama, muna da wani garin a gaba."

Tabawa ta buɗe jaka ta fito da ragar. Ga ƙullin mahaifinta nan, wasu sun yi sako-sako inda hannunsa ya yi rawa. Ta dubi karkataccen yatsan Jatau, ta dubi gwiwoyin Mantau, ta dubi idon Cindo da ya cika da ƙwalla. Ta ce bismillah, ta ɗaga ƙafa ta nufe su, ragar a hannu biyu.

Nan zan tsaya, don ni ma nan nake tsayawa kullum. Kada wanda ya ce mini a raba, mamaci ya hana. Kada wanda ya ce a jira, mutanen gasa sun miƙe, yara suna bayan waya. Kuma duk wanda zai yi magana, ya yabi nasa ba tare da ya zagi sauran ba, in ya iya. Wanda ya samo filin ƙafa ba takalmi, babu hoto babu kofi. Da wanda ya tsare filin da kofi uku, shi bai zura ba. Da wanda ya cika filin da yara ya kai sunansa duniya, bai kawo kofi gida ba. To, ku da kuke zaune nan, in ku ne Tabawa, a hannun wa za ku sa ragar Koci Nomau?